An ce ƙodar Baba ta raunana: wankin ƙoda ke nan, ko da sauran dabara?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Unguwar Rogo nake rubutowa, a nan Jos. Mahaifinmu shekararsa 58, ya fi shekara goma da hawan jini, amma magani sai ya ji kansa na sarawa yake sha. Kwanan nan ƙafafunsa suka ɗan kumbura, aka yi gwaji, aka rubuta kiriyatinin 190, eGFR 35, a fitsari kuma furotin ++. An ce ciwon ƙoda ne mataki na uku. Yanzu gida ya rabu: wasu na cewa maganin asibiti ne ya ɓata masa ƙoda, a nemo na gargajiya a wanke ta, wasu na cewa ya dinga ɗirkar ruwa. Yana kuma shan haɗin kemis saboda ciwon gwiwa. Ana warkewa kuwa? Ko mu fara tara kuɗin wankin ƙoda?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan jinya.

Bari in ba ki amsar kai tsaye, tun da ita ce ke hana ku barci. Idan har ya tabbata ciwon ya daɗe, ɓangaren ƙodar da ya riga ya lalace ba ya dawowa, kuma babu ƙwaya ko saiwar da ke dawo da shi. Amma mai eGFR 35, wato lambar da ke nuna aikin da ya rage wa ƙoda, bai kai ko kusa da wankin ƙoda ba. Galibi sai lambar ta sauko ƙasa da 10, jiki kuma ya fara nuna gazawa, sannan ake ɗora mutum a kan inji. Abin dubawa a yanzu shi ne saurin gangarowarta. Wanda ke rasa maki biyu a shekara daga 35, yana da shekara goma sha wani abu kafin a fara wannan magana, wataƙila ma har ƙarshen rayuwarsa ba a yi ta ba. Wanda ke rasa takwas ko goma a shekara kuwa, cikin shekara uku zai kai. Kuma mafi yawan abin da ke raba waɗannan mutum biyu a cikin gida yake faruwa: wace ƙwaya aka sha, wacce aka daina, me aka zuba a tukunya.

Kafin komai, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ba a kiran ciwon ƙoda daɗaɗɗe sai an ga matsalar ta zauna fiye da wata uku. Gudawa, amai, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko irin wannan haɗin da yake sha, duk suna iya tayar da kiriyatinin na ɗan lokaci, in an kawar da su ya sauko. Don haka a maimaita gwajin nan da mako biyu bayan ya daina haɗin, a sake bayan wata uku. Ku binciko tsofaffin takardunsa na asibiti, ko da na shekara biyar baya ne, domin tsohon sakamako guda ɗaya yakan gaya mana abin da sabbi uku ba za su gaya mana ba. A kuma yi masa hoton ciki. Ƙodar babba mai lafiya tsawonta kamar santimita 10 zuwa 12 ne. In aka ga duka biyun sun tsuke ƙasa da 9, ciwon ya kwana biyu. Hoton zai kuma nuna ko fitsari na taruwa saboda kumburin furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, abin da ba ya wuya ga namiji mai shekarunsa, kuma irin wannan in aka buɗe hanya da wuri ƙoda takan farfaɗo.

Na san tambayar da ke ran kowa a gidan: ya aka yi abu ya kai haka ba wanda ya sani? Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan guda. Su ke tace jini dare da rana, kimanin lita 180 a yini, jiki ya mayar da kusan dukansa, a fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Ki ɗauka leburori ashirin ne ke sauke motar dankali a kasuwar Farin Gada. Goma suka bar aiki, sauran goman suka ninka ƙoƙari, mota ta ci gaba da sauka a kan lokaci, mai kaya bai lura da komai ba. Sai dai goman nan da ke ɗaukar kayan mutum ashirin, su ma ɗaya bayan ɗaya za su dinga zubewa. Shi ya sa mutum yake iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana zuwa kasuwa yana zuwa masallaci lafiya lau, kuma shi ya sa duk maganin da muke bayarwa manufarsa rage wa matatan da suka saura nauyi. Af, ciwon baya da mutane ke zuwa da shi suna cewa ƙoda ce, mafi yawansa na ƙashi ne da tsoka. Daɗaɗɗen ciwon ƙoda ba kasafai yake sa baya ciwo ba.

Lambobin takardar ba su da wuyar karantawa. Kiriyatinin dauɗa ce da tsoka ke fitarwa, ƙoda ta zubar. A namiji mai lafiya yawanci bai wuce 110 ba. Daga shi da shekaru da jinsi ake lissafo eGFR, wanda za ki iya ɗauka kusan kamar kason aikin da ya rage cikin ɗari. Daga 59 zuwa 30 shi ne mataki na uku, Baba yana ɓangarensa na ƙasa. 29 zuwa 15 na huɗu. Ƙasa da 15 na biyar. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a takardar shi ne furotin ++ ɗin nan. Matatar ƙoda mai lafiya ba ta barin furotin ya zubo cikin fitsari. In yana zubowa, shi ne kumfar da ake gani a bayan gida wadda ba ta bajewa da wuri, kuma yawansa ya fi komai nuna wanda ƙodarsa za ta yi saurin gangarowa. Ku roƙi a auna shi da lamba, gwajin da ake kira ACR: ƙasa da 30 lafiya, 30 zuwa 300 an fara yoyo, sama da 300 yoyon ya yi yawa. A haɗa da gwajin suga, da na ciwon hanta nau'in B da C, da na ƙanjamau, da yawan jini. Kada Baba ya ji haushin na ƙanjamau, kowa muke yi wa, don duk waɗannan suna taɓa ƙoda.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, cewa wai maganin hawan jini ne ya ɓata masa ƙoda. Wannan magana ta kai mutane da yawa kan injin wanki. Hawan jinin da aka bari shekara goma yana dukan ƙananan jijiyoyin ƙoda shi ne babban abin zargi a nan, ba ƙwayar da ake sha sau biyu a wata ba. Hawan jini da ciwon suga da kumburin matatan ƙoda su ne manyan masu kawo mana marasa lafiya a wannan ƙasa. Hawan jini kuma ba ya sallama; mutum na iya kai 180 kansa bai sara ba. In ƙoda ta raunana ita ma sai ta ƙara tayar da jinin, abu ya zama wannan na ingiza wancan.

Abin da muke nema shi ne awonsa ya zauna ƙasa da 130 bisa 80. Akwai dangin magani guda biyu da suka yi fice wajen kare ƙoda mai yoyon furotin: irin su lisinopril, da irin su losartan. Ɗaya ake sha, ba a haɗa su. Suna sassauta matsin da ke cikin matatan kansu, yoyon ya ragu. Ga inda ake samun ruɗani: mako ɗaya ko biyu da farawa za a sake gwajin jini, kuma sau da yawa sai a ga kiriyatinin ya ɗan hau. Nan ne 'yan'uwa ke cewa "ka gani ko, mun faɗa." Hawan da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba alama ce ta cewa maganin ya sauke wa matatan nauyi, ba a dakatar da shi saboda haka. Likita ne zai duba wannan tare da sinadarin fotashiyam na cikin jini, wanda yawansa ke cutar da zuciya. In lisinopril ya sa shi busasshen tari, a koma losartan, kada a watsar gaba ɗaya. Yawancin masu irin matsalarsa sai an haɗa musu magani biyu ko uku, a ƙara amlodipine ko maganin sa fitsari, kuma wannan ba ya nufin ciwon ya gagara.

In da hali, ku saya masa na'urar awon jini ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Da safe bayan ya yi fitsari, kafin shayi da magani, ya zauna a kujera ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, ya huta minti biyar ba hira. Hannu a kan tebur daidai ƙirji. A auna sau biyu, a rubuta a ɗan littafi da kwanan wata. A sanyin Jos na Disamba kada a ɗaura a kan rigar sanyi, a zare hannu ɗaya tukuna. Littafin nan in kuka kawo shi asibiti ya fi mana amfani a kan awon da za a yi masa bayan ya sha layi ransa a ɓace.

Akwai kuma sabon abu da ya sauya yadda muke kula da wannan ciwo. Dapagliflozin da empagliflozin asalinsu magungunan suga ne, sai manyan bincike na 2020 da 2022 suka nuna suna rage saurin lalacewar ƙoda har ga wanda ba shi da suga, musamman mai yoyon furotin. Ƙwaya ɗaya ce a rana, ana samunta a manyan shagunan magani na Jos. Da ɗan tsada, amma ba ta kai wanki tsada ba. Ku tambayi likitansa ko ta dace da shi.

Haɗin kemis kuwa, daga yau a daina. Na san yadda yake zuwa: ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a 'yar leda, ja da fari da rawaya, ba suna ba kwali, a ce "na safe ne wannan, wannan na dare." In aka warware, da wuya a rasa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam a ciki, wani lokaci ma biyu tare, ga kuma prednisolone ko dexamethasone da ke tayar da jini da suga. Waɗannan masu kashe zafin suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Matashi mai lafiya zai sha na kwana biyu ya wuce, amma mai eGFR 35 da ke shan lisinopril da maganin sa fitsari, mako guda na haɗin nan ya isa ya kwantar da shi. Don gwiwa ya sha farasitamol, ya gasa da ruwan ɗumi, ya rage ƙiba in akwai, a kai shi wajen masu gashin ƙashi na asibiti. Haka allurar gentamicin da ake yi wa mutane barkatai da sunan maganin sanyi ko taifot. Duk inda ya je, ko haƙori zai cire, abu na farko da zai faɗa shi ne yana da ciwon ƙoda.

Game da na gargajiya, ba zan raina iyayenmu ba, da itatuwa suka rayu, kuma magungunan asibiti da dama daga tsiro aka samo su. Amma duk abin da mutum ya haɗiya, jiƙo ne ko tsimi ko gari, ƙoda ce za ta fitar da ragowarsa, kuma wanda ya haɗa bai san nawa ya rage a ƙodar Baba ba, bai kuma auna abin da ke cikin galan ɗin ba. Masu sa gudawa da sunan wanke ciki ko maganin basir sun fi haɗari, domin suna tsotse ruwan jiki, ƙoda ta bushe. Mun saba ganin wanda ya tafi da eGFR talatin da wani abu ya dawo bayan wata biyu da takwas, a garin neman gira an rasa ido. Duk mai lasifika ko mai bidiyo a TikTok da ya ce yana wanke ƙoda cikin kwana bakwai, ki tambaye shi sakamakon gwajin mutum guda kafin sha da bayan wata shida. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, su ba sa bi ta ƙoda.

Ɗirkar ruwa ma ba ta wanke komai. An gwada wannan a Kanada a kan masu mataki na uku, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna cewa ƙarin ruwa ya rage gangarowar ba. Ya sha daidai ƙishirwarsa, ya ƙara in ana zafi ko ya yi gumi. Tun da ƙafa ta fara kumbura, tilasta masa galan guda sai dai ya ƙara kumburin, ya kai ga ruwa a huhu.

A kicin, babban aikin na gishiri ne. Abin da ake so bai wuce giram 5 a yini ba, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da duk wanda ke ɓoye. Kuma ɓoyayyen ya fi yawa: dunƙule huɗu ko biyar a miya ɗaya, yajin tsire da kilishi, garin da ke cikin taliyar leda, kifin gwangwani, burodi. Kanwa ma gishiri ce a wata kama. Ba sai an ware masa tukunya ba, hakan yana sa dattijo ya ji an mayar da shi majinyaci, ya koma cin na waje a ɓoye. A rage wa gida duka sannu a hankali, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa. Cikin 'yan makonni harshe ke sabawa. Kada a saya masa gishirin nan da ake tallatawa na masu hawan jini, fotashiyam ne a ciki, kuma ga mai raunin ƙoda yana iya tsayar da zuciya.

Sai dai kada ku bi jerin abincin da ke yawo a WhatsApp ku hana shi komai. Na sha ganin tsoho ya rame ya lalace don an hana shi wake, nama, ganye, 'ya'yan itace, an bar shi da farar shinkafa. Ba a taƙaita abinci mai fotashiyam sai gwaji ya nuna ya haura. In ya haura, a rage ayaba, dabino, lemon zaƙi, fiya, tumatirin gwangwani da dankalin turawa. Mutumin Jos kuma ba a raba shi da dankali, don haka ga dabara: a fere, a yanka ƙanana, a tafasa a ruwa mai yawa, a zubar da ruwan, sannan a ƙarasa dahuwa a sabon ruwa. Soyayye ɗanye shi ne ya fi riƙe sinadarin. Nama da kifi ya ci daidai misali, kamar faɗin tafin hannunsa a yini, ba tulin balangu ba. Tuwo, acca, gwate, duk ba laifi in gishiri ya yi daidai. In yana shan taba ya daina, lemon kwalba mai baƙi kuma a rage.

Duk ranar da gudawa ko amai suka kama shi har ba ya iya ci da sha, a dakatar da lisinopril ko losartan, da maganin sa fitsari, da dapagliflozin, a tuntuɓi likita, a ci gaba da su in ya warware. Azumi kuwa, a mataki na uku wasu suna yi lafiya in awonsu a zaune yake, amma a zauna da likita tun cikin Sha'aban a gyara lokutan magani, a yi gwaji bayan mako guda da farawa. A mataki na huɗu da na biyar muna ba da shawarar a sha, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Ƙoda ita ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini, don haka in ta raunana jini kan yi ƙasa. Ana gyara wannan da sinadarin ƙarfe da allurar erythropoietin, mai sa ɓargo ya ƙera jini. A guji yawan ƙarin jini in ba dole ba, domin yana wahalar da dashen ƙoda nan gaba. Kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, mai mataki na uku ya fi fuskantar haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki a kan haɗarin kaiwa ga wanki. Shi ya sa za a iya ƙara masa maganin rage kitsen jini irin atorvastatin.

In Allah Ya ƙaddara lambar ta sauko ƙasa da 20, lokacin shiri ya yi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ana yin ƙaramin aiki a hannu a haɗa jijiyoyi biyu don samun hanyar wanki, kuma sai ta yi wata biyu ko fiye kafin ta nuna. Saboda haka tun yanzu a dinga ɗibar jini da sa ruwa a bayan tafin hannu, a bar jijiyoyin hannun da ba ya aiki da shi su huta. Wanda ya zo a makare sai dai a sa masa roba a wuya ko cinya, ita kuma tana saurin kawo ƙwayoyin cuta. Shi injin wanki, jini yake tacewa, ba ya gyara ƙoda, kuma ƙa'idarsa sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sauko da kuɗin zama guda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, amma ko a haka ki lissafa zama goma sha biyu a wata, ban da allura da gwaji da mota. Iyalai ƙalilan ne ke iya jurewa, yawanci sai a koma sau ɗaya a mako, ko sai numfashi ya ƙi. Dashe ya fi wanki inganci da tsawon rai. An fara shi a Nijeriya a 2000 a asibitin St. Nicholas na Legas, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, yanzu kuma ana yi a Abuja. Wanda ya bayar yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya in an tantance shi da kyau, wanda aka dasa wa kuma zai sha maganin hana jiki ƙin ta har abada, kuma yankewar kuɗin wannan magani na cikin abubuwan da ke lalata dashe a wurinmu. Sayen ƙoda laifi ne a dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, kada wani dillali ya ruɗe ku.

A nemi a tura shi asibitin ƙoda, akwai likitocinta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a dinga gwaji duk wata uku zuwa huɗu. Kada a jira ranar da aka ba ku in kuka ga numfashi na yi masa wuya musamman in ya kwanta, ko fitsari ya ragu sosai, ko amai da shaƙuwa sun ƙi tsayawa, ko ya fara ruɗewa da yawan barci, ko kumburi ya hau har fuska da ciki. A gida za ki iya danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwaurinsa na daƙiƙa biyar. In ramin ya zauna, kuma yana ƙara hawa sama kullum, a kawo shi.

Ku ma 'ya'yansa ku je a duba ku. Hawan jini yana bin dangi, kuma tun 2010 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda ya yawaita a mutanen Afirka ta Yamma, yana kare mutum daga wani nau'in ciwon barci amma yana ƙara masa haɗarin ciwon ƙoda. Awon jini, gwajin suga, gwajin fitsari da kiriyatinin sau ɗaya a shekara sun isa. In a cikinku akwai mai sikila, ko wadda jininta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, ko mai shafa man bilicin, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sinadarin makuri mai lalata matatan ƙoda, su za a fara kaiwa.